Ni Dai Aikina Keke Ne

Na kai shekarun da mutum ba ya ɓoye abin kunyarsa, don waɗanda zai ji kunyarsu duk sun riga shi kwanciya. Saboda haka zan faɗi abin da na yi a Madina ina da ƙarfina, yadda ya faru. Karatuna bai yi nisa ba, allo ne da aji huɗu na elemantare. Wanda ya ga tuntuɓe a rubutun ya yi haƙuri.

Sunana Haladu, mutumin Kura ta ƙasar Kano, ɗan lambu jikan ɗan lambu. Na zo hajji a shekarun nan da kuɗin fetur ya fara juya kan mutane, aka gama aiki, jirginmu ya tashi ba ni. A Jidda wani ɗan ƙasarmu mai haƙoran Makka biyu ya karɓi fasfona, ya ce zai samo mini iƙama, wato takardar zama. Har yau yana kan samowa. A Makka na yi wata biyar ina dako, ina hawa duwatsu da kayan mutane a ka, muna kwana mu tara a ɗaki ɗaya. Ana taɓa ƙofa kowa sai ya dubi taga. Marar takarda a ƙasar nan kamar kaza yake a gidan da ake shirin suna. Da na ji ana cewa a Madina akwai lambuna, kuma 'yan sanda ba su cika leƙa su ba, sai na lafe a bayan wata motar albasa, na sauka a Jurf ina wari.

Jurf a lokacin ba gidaje ba ne kamar yanzu. Fili ne shimfiɗaɗɗe kamar faifai, dabino jere-jere, ciyawar dabbobi kore shar a ƙarƙashinsa, ga rumfunan inabi, ga injinan rijiya suna bugawa tun asuba. Kowace gona da birkarta, wato tafkin siminti da ake tara ruwa, daga nan magudanai su ɗauka su rarraba. Wani ya ga wannan tasbihi zai yi. Ni raina wurin na yi tun ban ajiye jakata ba. Ruwan da suke taƙama da shi, a Kura ko agwagwa ba za ta jiƙa ƙirji a ciki ba. Kuma lambu guda wai sunansa bilad, ƙasa sukutum. Na ce a raina, wanda bai taɓa ganin fadama ba dole ya yi wa kududdufi kirari.

Wanda ya karɓe ni wani tsoho ne, Baba Bakur. Abubakar ne sunansa, Larabawa suka gutsure. Bahaushen Sudan ne. Kakanninsa sun taso daga ƙasar Sakkwato da ƙafa za su hajji, hanya ta riƙe su a bakin kogin Nilu. Shi ne ya ƙarasa musu tafiyar, kuma shekararsa talatin yana ban ruwa a gonar da na same shi. Ya dube ni sama da ƙasa, ya juya tafin hannuna ya ga kanta, bai tambaye ni takarda ba. Ya turo mini kwanon wake da gurasa, sai da na suɗe shi sannan ya yi magana.

"Kai zol, ka iya hawan ajala?"

"Ajali kuma, Baba? Daga zuwana?"

Ya nuna mini wani baƙin keke a jingine da dabino. Ashe haka suke kiran keke a Sudan, zol kuma mutum ke nan. Ya yi dariya har da tari, ni ma na yi, amma tawa ta raini ce. Na ce wannan wane irin Bahaushe ne, Hausarsa kamar rigar mahaukaci, kowane ƙyalle daga bolarsa. Tun ranar nake kwaikwayon maganarsa idan ya ba da baya. Da wakensa a cikina nake yi.

Mai gonar sunansa Fu'ad, sa'ana ne, mahaifinsa bai daɗe da rasuwa ba. Jikan Bakatsine ne, baƙi wuluk kamar ni, amma ɗan ƙasa ne, ga farar riga ga jan ƙyalle a ka. Yana jin Hausa sarai. Ka yi masa magana da ita, sai ya mayar maka da Larabci yana kallon saman kanka. Balaraben gawayi nake kiransa. Shi ne kafilin Baba Bakur, wato da sunansa takardar tsohon take tsaye, kuma bayan an cire inabin shekarar za a sabunta ta. Fu'ad kuwa ya fara gunaguni, wai inabi wahala ne, wai tsoho ya tsufa.

Baba Bakur matarsa ta daɗe da rasuwa, 'yarsa guda tana aure a Sudan. Abu ɗaya ya riƙe shi a Madina: Baƙi'a, maƙabartar da ke jikin Masallacin Annabi. Yakan ce, "Kakana ya mutu a hanya, ubana ya mutu a hanya. Ni na iso. Saura in kwanta." Kowa a Jurf ya san idan takardar nan ta faɗi, ba Baƙi'a. Ni ma na sani. Kada wani ya ce ban sani ba.

Aikina shi ne kai kaya kasuwa a keken nan. Ana idar da sallar asuba zan ɗaura kwanduna biyu a baya, na'ana'a ce, kuɓewa ce, abin da dai gona ta bayar. Baba Bakur ne ya koya mini hanya, ba ta kwalta ba inda ake tare mutane, wata 'yar siririya ce mai bin bayan gonaki. Kwana uku yana gaba a keken maƙwabci ina biye, yana tuƙi kamar mai dakon ƙwai, ina ta tsaki a bayansa.

Har yanzu idan na rufe ido ina iya bin hanyar nan. Ba hawa ba gangara. Ka fito daga gonarmu magudana tana hannun damanka, tana tafiya kana tafiya, ba ka jin komai sai ƙarar sarƙa da kukan kurciya. Ka wuce katangun laka da inabi ya leƙo ta samansu, ka sunkuya a ƙarƙashin wani dabino da ya karkace, ka tsallake ruwa a kan kututture biyu. A kwarin Aƙiƙ sai ka sauka ka tura, saboda tsakuwa. Kana haurawa ka hango masallacin Ƙiblatain, inda wata mata 'yar Chadi take sayar da koko. Takan cika mini kofi ta ce, "Sha, ɗan'uwa, kai ma baƙon Annabi ne." Daga nan hasumiyoyin Harami sun fito, sai kasuwa. A hanyar nan kaɗai nake mantawa ba ni da takarda. Amma a lokacin ban taɓa cewa tana da kyau ba. Cewa nake kokon bai ji kanumfari ba, cewa nake ina ma hanyar Kura zuwa Kano ce, inda mutum zai gamu da wanda ya san ubansa.

Da zafi ya kankama, inabi ya fara nuna, sai na ga Baba Bakur ya ɗebo laka da tsumma ya toshe bakin magudanar da ke shiga rumfunan. Kwana biyu, kwana biyar, mako guda. Ƙasa ta fara tsagewa, ganye ya riƙa yin laushi da rana. Ni kuwa kullum ina wuce gonakin mutane, ina ganin ruwa yana gudu a magudanansu. Ban taɓa tsayawa na duba inda ruwan yake zuwa ba. Da na duba, da na ga dabino da ciyawa yake shayarwa, nasu inabin ma a toshe yake. Amma mai raini ba ya sauka daga keke.

"Baba, inabin nan zai mutu."

"Ba ya mutuwa. Ƙishirwa nake ba shi."

"Ƙishirwa ake bayarwa? A garinmu ruwa ake bayarwa."

"A garinku me kuke shukawa?"

"Rake. Tumatir. Albasa kamar kan jariri."

"To rake ai saniya ne, sai sha. Inab mai azumi ne. Idan ya kusa nuna ka hana shi moya, zaƙi ya taru. Ka ba shi yanzu ka kashe shi."

"Ko dai ƙugu ne ya gaji, Baba, aka ɗora wa inabi azumi?"

"Ɗan Kano, bakinka ya fi hannunka girma. Je ka sa wa ajala iska."

Kowace Juma'a Baba Bakur yakan yi wanka, ya sa farar jallabiyarsa, ya hau keken ya tafi Harami tun hantsi. Ba ya dawowa sai ya yi la'asar, ya leƙa Baƙi'a ya yi wa mutanenta sallama. Ni a masallacin unguwa nake yi, don tsoron kamu. Ran nan na dawo daga masallaci, rana tana dukan ƙasa, birka cike taf. Na tsaya ina kallon 'ya'yan inabin, ƙanana ne a idona. Na ce idan na shayar da su suka yi kamar ƙwan zabo, sai in bari a cire, sannan in gaya wa Fu'ad wanda ya yi aikin. Ba tausayin inabi ne ya sa ni ba, kada in yi wa kaina ado. So nake a san ɗan fadama ya zo.

Sara ɗaya na yi da fartanya, toshiyar ta tafi. Ruwa ya shiga yana kumfa, ƙasa tana sha tana ƙara kamar mai a kasko. Na bi fangali-fangali ina buɗewa yadda ubana ya koya mini, har birka ta koma rabi. Kafin la'asar na mayar da laka, na watsa busasshiyar ƙasa a kan danshin, na wanke ƙafata na zauna ina jan carbi.

Baba Bakur ya dawo ya jingine keken, ya miƙo mini ƙullin gyaɗa da ya sayo mini. Sai idonsa ya faɗa kan birka. Ya shiga rumfa ya tsuguna, ya nutsa yatsa a ƙasa, ya ciro ya duba. Ya je ya zauna a bakin birkar, har aka kira magariba bai tuɓe jallabiyar ba.

Kwana biyu 'ya'yan suka kumbura, na fara murmushi ni kaɗai. Rana ta uku suka fara fashewa. Kowane ɗa ya tsage kamar faso a diddige, ruwan yana ɗiga, rina da ƙuda da tururuwa suka yi biki. Gonar ta ɗauki warin tsami har kan hanya, masu wucewa suna leƙowa ta katanga. Abin da muka tsinta mai kyau bai cika kwando huɗu ba, a gonar da aka saba cika mota.

Fu'ad ya zo da hantsi a farar motarsa. Ya zagaya rumfunan da gefen ƙyallensa a hanci, ya dawo ya tsaya a gabanmu, ya yi tambaya da Larabci. Na fahimta sarai, ai wanda ya kusa shekara a ƙasar ya san moya ruwa ne. Amma sai na saki baki na yi fuskar baƙo. Ya maimaita, na dubi Baba Bakur kamar mai neman tafinta. Tsohon yana kallon ƙasa.

Sai Fu'ad ya matso, ya dube ni cikin ido, karo na farko, ya buɗe baki da Hausa. Hausa ce mai nauyi, irin wadda aka ajiye tun kaka tana da rai.

"Kai. Wa ya buɗe ruwa?"

Watanni ina zaginsa a kan ba ya Hausa. Ran da ya yi, ga abin da ya tambaya. Na tuna ɗakin Makka, na tuna motar nan mai raga da ake loda marasa takarda a kai Jidda. Na ce, "Ranka ya daɗe, ni dai aikina keke ne."

Ka lura ban yi ƙarya ba. Irin gaskiyar nan ce da ta fi ƙarya wari.

Fu'ad ya juya wurin tsohon da yake kira Ammu, wato baffa. "Ammu Bakur?"

"Ni ne mai ruwa a gonar nan," in ji tsohon. "Shekara talatin ni ne mai ruwa."

Fu'ad ya ɗaga hannuwa sama ya koma Larabcinsa, ya yi ta faɗa. Na tsinci kalmar tsufa, na tsinci kalmar ruɗewa. Mutumin da ya saɓa shi a kafaɗa yana ƙarami don ya tsinki inabi, shi yake cewa ya ruɗe. Na raina Fu'ad a ranar fiye da kullum. Ina laɓe a bayan keke ina raina shi, kamar ni wani abu ne.

Ba a sabunta takardar ba. Fu'ad ya ce zai sa shi a jirgin ruwa ya je ya huta wurin 'yarsa, har yana ganin ya yi alheri. Maƙwabta suka je roƙo, limamin unguwa ya je, ya ce ya riga ya yanke. Aka ba tsohon wata guda. A watan nan kullum idan na dawo kasuwa sai ya kira ni rumfa, ya nuna mini inda ake yanke reshe, ido nawa ake bari, yaushe ake sa taki, yaushe ake toshe ruwa. Bai ƙara ce mini zol ba, bai ƙara ce mini ɗan Kano ba. "Kai" kawai. Ba ranar da ban shirya zuwa wurin Fu'ad ba. Kullum sai in ce gobe, in hau keke, in sha kokon 'yar Chadi.

Ranar tafiyarsa na ɗaura akwatinsa na ƙarfe a bayan keken, ina turawa yana tafe a gefe, muka bi 'yar hanyar nan zuwa tasha. Yana tafe yana tsayawa. Ya ga magudanar wani ta cushe da ciyawa, ya sa sandarsa ya buɗe mata. A Aƙiƙ ya zauna a kan dutse ya huta. A nan na durƙusa.

"Baba, ni ne."

"Na sani tun ran Juma'ar. Ka mayar da laka, ka manta tsumma."

"Me ya hana ka faɗa?"

"Da na faɗa, ni na sa ka a mota mai raga. Ban zo garin Annabi in miƙa baƙonsa ba." Ya numfasa. "Amma da kai ka faɗa da bakinka, da na tsaya maka a gaban yaron nan. Ya san ni. Da wataƙila mu duka mun zauna. Wata guda na ba ka."

"Mu koma yanzu in gaya masa."

"Yanzu?" Ya taɓa aljihunsa. "An buga hatimin fita. Kai ba ka san lokaci ba. Ruwa ba a lokacinsa ba, magana ba a lokacinta ba."

"To ka yafe mini, don darajar wanda ke kwance a garin nan."

Ya miƙe ya kakkaɓe jallabiyarsa. "Kada ka sa shi a ciki. Ba yau ba. Ina tunani tukuna."

Da muka iso gari ya ce in jira shi. Ya je ya tsaya a jikin katangar Baƙi'a, ya daɗe, ni ina tsallaken hanya riƙe da keke. Ban san abin da ya ce wa mutanen ciki ba. A tasha na kwance akwatin na miƙa wa direba, na tambayi tsohon yadda za a yi da keken, tunda nasa ne.

"Riƙe," in ji shi. "Ai aikinka ne."

Bayan wata huɗu Fu'ad ya rasa mai kula da rumfuna, ya kai ni ofis ya yi ta shige da fice har aka yi mini iƙama. Gurbin da aka cire tsoho, shi aka sa ni. Na yi shekara bakwai ina ba inabin ƙishirwa a lokacinta. A kasuwa ana nuna ni, ana cewa ɗan Nijeriyan nan hannunsa da albarka. Ban taɓa gyara wa kowa ba. Daga baya aka sare rumfunan aka yanka filaye, hanyar tawa ta zama kwalta.

Kowane hajji nakan bi masaukan mutanen Sudan ina tambayarsa. A shekara ta uku aka haɗa ni da wani dogo mai rawani, mijin 'yarsa. Ya ce Baba Bakur ya rasu da daminar da ta wuce, an binne shi a bayan gari, kusa da gonakin auduga, inda ubansa yake. Ya ce har ya kwanta ciwo akwatinsa a ɗaure yake, bai yarda an kwance ba, wai ai komawa zai yi.

"Bai bar mini saƙo ba? Haladu. Wanda suka yi aiki tare a Jurf."

Mutumin ya yi ta lalube a ransa, na ga yana son ya faranta mini.

"Yakan yi zancen inabi. Yakan yi zancen mai gona na farko, da liman, da wata mai koko. Haladu kuwa... a'a, ɗan'uwa. Bai taɓa ambata ba."

Ni ina nan Madina har yau. Na yi aure a nan, na haifa, na aurar. Ƙafafuna sun kumbura, likita ya fara jan 'ya'yana waje idan zai yi magana. Shekaranjiya babban ya zauna a bakin gado yana lallashina, ya ce, "Baba, kai ka dace. Mutane nawa suka roƙi Allah Baƙi'a ba su samu ba?"

Na ce masa haka ne, na san ɗaya.

Ramin ba nawa ba ne. Amma na san halina. Idan aka kai ni, ba zan ce komai ba.